Gara a Akwati, Labari a Waya

A damanar da ta wuce yayata ta tashi daga gidan da ta shekara ashirin da ɗoriya a cikinsa, aka kira ni taya kwashe kaya. Can ƙarƙashin gado muka jawo wani akwatin ƙarfe irin na lefen da, kwaɗonsa ya yi tsatsa har sai da aka nemo guduma. Cike yake da littattafai, ƙananan nan marasa kauri masu zanen budurwa da gyale ko hoton 'yar fim a bango. Na sama-sama suna nan, sun dai yi ja kamar an fesa musu ruwan goro. Na ƙasa kuwa gara ta gama da su. Ka ɗaga littafi ya zube maka a hannu kamar dusa, ba abin da zai rage sai ƙusar da aka ɗinke shi da ita.

Yaya ta zauna a bakin gado ta yi jugum. Can ta dubi 'yarta da ke tsugune a ƙofar ɗaki, kai a sunkuye kan waya, ta ce, "Ku dai ba ku san daɗin karatu ba." Yarinyar ta ɗago ta ce, "Umma, ai karatun nake yi." Ta miƙo wayar. Labari ne, kashi na sittin da wani abu, marubuciyar ta turo shi bayan sallar asuba, mata sun cika zauren WhatsApp ɗin da sharhi, wasu suna roƙon kada a kashe wani mutum a cikin labarin.

Tun ranar nake juya maganar nan a raina, domin ni ma ina cikin masu irin kewar Yaya. Ina son ƙanshin tsohuwar takarda, ina son nauyin littafi a hannu. Amma na tsaya na tambayi kaina: ainihin mene ne ya tafi? Hausawa sun ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Akwai gaskiya a ciki, sai dai mai tunawa da bara yakan manta cewa a barar ma ya yi ta kukan bara waccan.

A dubi littattafan akwatin nan kansu. Ba daga sama suka faɗo ba. Ƙagaggen labarin Hausa cikin boko ya fara ne da gasar da wani Bature mai suna Rupert East ya shirya a 1933 a ƙarƙashin hukumar talifi ta Zariya, wadda ta fito da su Abubakar Imam da Bello Kagara da Abubakar Tafawa Ɓalewa. Daga nan jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita a Janairun 1939, aka kafa kamfanin Gaskiya a 1945, aka yi zamanin NORLA, hukumar adabi ta Jihar Arewa, da yaƙi da jahilci a shekarun 1950, sannan kamfanin buga littattafai na Arewa, NNPC, a 1966. Duk tsawon lokacin nan littafi abin hukuma ne. Akwai edita, akwai mai tacewa, kuma galibi ɗalibin makaranta ake yi dominsa. Abubuwa biyu suka sauya lissafin. Shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya yaye dubban yara, mata da maza, waɗanda suka iya karanta Hausa amma babu abin karantawa sai 'yan littattafan aji. Sai kuma matsin tattalin arziƙin da ya biyo bayan shirin tsuke bakin aljihu na SAP a 1986, wanda ya karya darajar naira, ya tsadar da takarda, ya durƙusar da manyan kamfanonin ɗab'i. Masu karatu sun yi yawa, masu bugawa sun ja baya. A wannan giɓin ne matasa da matan aure a Kano da Kaduna da Funtuwa da Gusau suka fara rubuta labaransu a littafin makaranta, su kai wa mai keken rubutu, su tara kuɗi su kai ƙaramar maɗaba'a, su ɗauki kayansu da kansu su kai wa 'yan kasuwa.

Yadda littattafan suke yawo shi ne abin da na fi tunawa. Ba kowa ke saye ba. A kusan kowace unguwa akwai mai shagon haya, wani lokaci ma tebur ne kawai a gefen mai sayar da kaset. Yana da babban littafi da yake rubuta suna da ranar karɓa. Matar aure ba ta zuwa da kanta, ƙaninta ko almajirin gidan za ta aika da 'yar takarda. Ni ne ɗan aiken Yaya shekaru da dama, kuma a hanya nake karance rabin littafin kafin in kai, shi ya sa har yau akwai labaran da na san tsakiyarsu ban san ƙarshensu ba. Littafi ɗaya da aka karɓo da sunan mace ɗaya sai ya zaga gidaje huɗu ta kan katanga kafin a mayar. A cikin bangon waɗanda suka tsira a akwatin na ga sunaye iri-iri da biro kala-kala, wata ta rubuta addu'a ga duk wadda ta mayar mata, wata ta ja layi a ƙarƙashin wata magana ta rubuta "gaskiya ne" a gefe. Kuma labarin ba ya zuwa a dunƙule. Na ɗaya zai fito, ya tsaya a daidai inda zuciya ke dukan uku-uku, sai a jira na biyu wata guda ko wata uku, gwargwadon yadda marubucin ya samu kuɗin bugawa.

To, wannan zamani da muke wa kallon na zinariya, a lokacinsa ba a ɗauke shi haka ba. Sunan "adabin kasuwar Kano" da ya bi littattafan nan ba don yabo aka raɗa shi ba. Malaman jami'a irin su Ibrahim Malumfashi da Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu sun shafe shekaru suna muhawara a jaridu kan ko adabi ne ko shirme. Iyaye suna kwacewa, malaman makaranta suna dukan wadda aka kama da shi a cikin jaka. A 2007 gwamnatin Kano, ta hannun shirin A Daidaita Sahu, ta tara irin waɗannan littattafai aka cinna musu wuta a wata makarantar 'yan mata. Duk zargin da ake yi wa waya yau, cewa tana hana 'yan mata aiki, tana koya musu soyayya, tana ɓata tarbiyya, an yi wa littafin da Yaya take kuka a kansa, kalma da kalma. Ita kanta a ƙarƙashin katifa take ɓoye su.

In aka ƙara ja da baya, haka abin yake. Boko kansa baƙo ne da aka daɗe ana ƙyama, ana ganin ajami da allo da tawada su ne namu. Amma takardar da malaman ƙarni na 19 suka rubuta kundayensu a kai, mai tambarin jinjirin wata uku idan an ɗaga ta a haske, a Italiya ake yin ta, fatake ke ratso Sahara da ita. Da injin ɗab'i ya iso kuma, almajiran ƙasar Hausa ba su saba da haruffan bugun Masar ba, idonsu ya saba da rubutun hannu na warash. Sai 'yan kasuwar Kano suka samo dabara: a ba gwanin marubuci irin su Sharu Bala Gabari ya rubuta da alƙalaminsa, a ɗauki hoton shafin, inji ya buga dubbai. Mai saye ya riƙe kayan inji a hannu amma idonsa yana ganin hannun malami. Wannan misali yana burge ni ƙwarai, domin ya nuna mutanenmu ba su tsaya zaɓe tsakanin sabo da tsoho ba, sun sa sabon ya yi wa tsohon dako.

Haka ma batun sauraro. Yanzu mata da yawa ba sa karanta labarin da ido, suna kunna shi a YouTube ko a rediyo suna wanke-wanke, wani yana karanta musu. Na ji masu cewa wannan lalaci ne. Amma ta kunne littafi ya fi shiga gidajen Hausawa tun asali. Waƙoƙin Nana Asma'u jajis, wato malamai mata masu yawon koyarwa, ne suka haddace su suka kai wa matan ƙauyuka ta hanyar 'yan taru. Waƙoƙin Imfiraji na Aliyu Namangi, wanda shi kansa makaho ne, sun fi yaɗuwa ta bakin masu rera su a ƙofar gidaje fiye da ta takarda. Ko Gaskiya Ta Fi Kwabo mutum ɗaya ke saye, ya zauna a dandali ya karanta wa goma. Karatun mutum shi kaɗai a ɗaki, shiru, shi ne sabon abu a wurinmu.

Saboda haka idan an ce waya ta kashe karatun Hausa, ni ban gani ba. Abin da na gani shi ne ta kashe shagon haya, ta kuma raunana mai maɗaba'a, wanda dama tsadar takarda ta riga ta shaƙe shi, tunda masana'antun takarda na Jebba da Iwopin da Oku Iboku sun daɗe da durƙushewa, kusan komai daga waje ake shigo da shi da dala. Amma masu rubutu sun ƙaru. Tun da wayar salula ta shigo Najeriya a 2001, sannan Facebook da WhatsApp suka biyo baya, shingen da ke tsakanin mace mai labari a ka da masu karatu ya faɗi. A da sai tana da jari, ko miji ko wa mai yarda ya yi mata zirga-zirgar maɗaba'a da kasuwa. Yau tana ɗakinta, da babban yatsa take rubutawa bayan yara sun yi barci. Tsarin ma ya zauna da kansa ba tare da wata hukuma ba: a saki shafukan farko kyauta, in labari ya kama mutane sai a ce daga nan na kuɗi ne, a tura naira 500 ko 1,000 ta banki ko katin waya a shiga zaure na musamman. Sau da yawa za ka ga an ware wata lamba daban domin 'yan Nijar masu biya da sefa. Mai karatu a Agadas, ko a zangon Kumasi, ko Bahaushiyar da ke zaune a Sudan ko Saudiyya, duk suna samun kashin yau a minti ɗaya da ta Fagge. Littafin Yaya bai taɓa yin irin wannan tafiya da wannan sauri ba. Gasar Hikayata da sashen Hausa na BBC ya fara a 2016 domin mata zalla ta nuna irin yawan alƙaluman da ke ɓoye a gidaje.

Duk da haka kewar ba ta banza ba ce. Akwai abin da ya tafi da gaske, sai dai ba ƙanshin takarda ba ne.

Na farko da ido ke gani shi ne rubutun kansa. Littattafan kasuwa ma ba su tsira daga kurakurai ba, amma aƙalla labari yana bi ta hannu biyu ko uku kafin ya fita. Yanzu daga yatsa sai idon jama'a. Ana rubuta "xan xo" a maimakon "zan zo", ana sa q a wurin ƙ, ana haɗe kalmomin da ya kamata a raba, ɗ da ɓ kuwa sun zama sai wanda ya ga dama, alhali allon rubutun yawancin wayoyi yana da su in an saita shi. Wannan yana damuna, domin yarinyar da ta karanta shafi dubu da irin wannan rubutu shi za ta ɗauka daidai. Wani abin kuma, marubuciyar da ke sakin labari kullum tana rubutu ne masu karatu na tsaye a kanta. In sun yi ca a kan wata jaruma sai ta sauya mata hali, in sun nuna suna son kishiya ta sha wuya sai a ƙara mata kashi goma na wuya. Labari yakan yi tsawo ya wuce inda ya kamata ya tsaya, saboda tsayawarsa ita ce tsayawar kuɗin. Ga kuma masu fitar da littafin kuɗi su raba shi kyauta, duk da "Allah ya isa" da ake rubutawa a saman kowane shafi.

Sai hankali. Littafin takarda abu ɗaya ya iya, kuma yana da bango na ƙarshe da za ka rufe. Waya kuwa a cikinta labarin yake zaune tare da saƙon dangi, da bidiyon barkwanci, da sanarwar rasuwa, da tallan atamfa, kowanne yana jan rigarka. Kamfanonin da suka ƙera waɗannan manhajoji da lokacin da muke ɓatawa a ciki suke cin abinci, don haka an gina su ne yadda ba za a ajiye ba. Na lura da kaina: shafi ashirin a takarda ina karanta su a zama ɗaya, a waya kuwa kafin in gama biyar na leƙa wani wuri sau uku. Jiran wata guda da muke yi kafin na biyu ya fito, wanda muke ƙorafi a kansa, ashe a cikinsa ne labarin ke nuna a zuciya. A cikinsa ake gardama a gidan biki kan abin da zai faru, a cikinsa ake sake karanta na ɗaya har a haddace.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai, wanda kuma ba a cika maganarsa ba, shi ne ina labaran nan za su kasance nan da shekara talatin. Kayan aro ba ya rufe katara, kuma yawancin abin da muke kira namu a waya aro ne. A Yulin 2009 kamfanin Amazon ya shiga na'urorin karanta littafi na Kindle na mutanen da suka sayi wasu littattafan George Orwell ya goge su daga nesa, saboda matsalar haƙƙin mallaka, ya mayar musu da kuɗinsu. Ranar mutane da yawa suka gane cewa izinin karantawa suka saya, ba littafi ba. Kusa da gida kuma, manhajar OkadaBooks, wadda aka kafa a 2013 kuma marubutan Hausa da dama suka zuba littattafansu a ciki, ta rufe a Nuwamban 2023. Wanda bai adana kwafinsa a wani wuri ba ya san abin da ya gani. Na WhatsApp ya fi wannan rauni. Waya ta faɗa ruwa, ko an sace ta a kasuwa, ko ta cika an goge komai don a samu wurin hotunan biki, shi ke nan. Marubuciya ta yi aure ta canja lamba, zauren ya watse. Akwai labaran da dubban mata suka yi kuka a kansu shekara bakwai da suka wuce waɗanda yau sai an sha wuya kafin a samu cikakkensu, kuma in an samu, sau da yawa an cire sunan mai shi.

Nan ne mai kewa zai ce, ka gani, takarda ta fi. Sai in nuna masa ƙasan akwatin Yaya. Littattafan kasuwa a kan takarda mafi araha aka buga su, irin ta jarida, wadda ke cin kanta da kanta ko babu gara. Da yawansu ba su ɗauke da shekarar bugu. Dokar Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa ta 1970 ta wajabta wa mai buga littafi ya kai kwafi uku a ajiye, amma wanda ya ci bashi ya buga littafinsa a lungun Sabon Gari bai ma san da dokar ba, kuma ba wanda ya bi shi ya karɓa. Ɗakunan karatunmu ba su ɗauke su abin ajiyewa ba, tunda an riga an yanke musu hukuncin shirme. Abin da ke sa ni baƙin ciki shi ne, ɗaya daga cikin tarin da aka fi sani na waɗannan littattafai yana SOAS, makarantar nazarin Asiya da Afirka da ke Landan, inda Graham Furniss da abokan aikinsa suka tattara ɗaruruwa suka yi musu rajista. Na gode musu, amma ina jin kunyar cewa jikar marubuciya a Kano za ta iya rasa littafin kakarta a garinsu.

Kuma ba ƙaramin abu ake rasawa ba. Wanda yake son sanin yadda matan Arewa suka ji da auren dole, da kishi, da saki, da karatun 'ya mace, da zuwan kuɗin mai da tafiyarsu, ba zai same shi a takardun gwamnati ba. Yana cikin waɗannan ƙananan littattafai: irin kayan ɗakin da ake yi wa amarya, irin motar da ake ganin mai ita ya isa, yadda saurayi ke sallama a zaure, kalmomin da aka daina faɗa. Labaran waya na yau ma haka suke ɗauke da zamaninsu, da garkuwa da mutane, da gudun hijira, da tsadar masara, da auren da aka ƙulla ta Facebook. Rayuwar yau da kullum ce mutanen da ke cikinta suke rubutawa da harshensu, ba wanda ya sa su. Mun bar kashi na farko ga gara muna ta yabon ƙanshinsa, kashi na biyu kuma muna raina shi kamar yadda aka raina na farkon, har sai ya ɓace sannan 'ya'yanmu su fara kewarsa.

Abin da ya ba ni haushi da kaina a ranar shi ne, shekara nawa ina faɗin ina son littattafan nan, ban taɓa tambayar Yaya inda suke ba. Kuma kayan aikin ceto su yana hannun yarinyar da muke wa faɗa. Ita ce ta ce a shimfiɗa tabarma a tsakar gida inda haske yake. Muka ware waɗanda suka tsira, guda 43, ta riƙa ɗaukar hoton kowane shafi ina buɗe mata, har da cikin bango mai sunayen ƙawayen uwarta, waɗanda biyu daga cikinsu sun riga mu gidan gaskiya. Mun yi kwana huɗu muna yi. Na sa ta tura kwafi wurare uku, na kuma kai wa mai shagon kwamfuta ya buga mini wasu a takarda mai kyau, domin ban yarda da ɗayansu shi kaɗai ba.

A cikinsu akwai wani labari mai kashi uku da muka samu na ɗaya da na biyu, na ukun yana cikin waɗanda suka zama gari. Yarinyar ta karanta biyun a daren, gari na wayewa ta sa cigiya a zaurukan da take ciki. Bayan kwana shida wata mata daga Maraɗi ta turo hotunan nata kwafin, sai dai shafuka huɗu na ƙarshe sun yage tun da daɗewa. Da aka faɗa wa Yaya sai ta ce ai ta san yadda ya ƙare, sau biyar ta karanta shi tana amarya. Ta gyara zama a kan tabarma, ta ɗaure ɗankwali, ta ce, "Kawo wayar nan kusa, ki danna abin ɗaukar murya."